Yadda Ake Ƙamsasa Gida da Na'urar Watsa Ƙamshi a Yanayin Kebbi

A 'yan shekarun nan kwalaben man ƙamshi masu sanduna, da ƙananan na'urorin da ke fitar da hazo mai ƙamshi waɗanda 'yan kasuwa ke kira difuza, sun shiga cikin kayan ɗakin amare a Birnin Kebbi da Argungu da Jega, har ana jera su a gaban madubi tare da humra da kwalaben turaren wuta. Da yawa daga cikin waɗanda suka saya sukan dawo da ƙorafi iri biyu: ko dai a ce man ya ƙare cikin mako uku alhali an rubuta a jikin kwali cewa zai kai wata uku, ko kuma a ce ƙamshin ya ɗauke tun kwalbar tana cike. Sau da yawa ba jabu aka sayar musu ba. Bayanin da ke jikin kwalin an rubuta shi ne domin gidajen ƙasashen sanyi, masu tagogi a rufe da wutar lantarkin da ba ta yankewa, mu kuwa a nan zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, hunturu yana zuwa da ƙurar da ke shigowa ko ta ƙarƙashin ƙofa ce, wuta kuma sai lokacin da aka gan ta. Wanda yake son cin moriyar waɗannan kayayyaki dole ne ya daidaita su da wannan yanayi namu.

Kafin a kai ga nan, yana da kyau a san aikin da difuza ba za ta yi ba, domin kada a ɗora mata laifin da ba nata ba. Ranar da na fara kunna tawa a falo, Inna ta zauna tana kallon hazon na ɗan lokaci, sannan ta shinshina gefen mayafinta ta ce, "Ɗiyata, abin naki yana da daɗi, amma ba ya kama tufa." Gaskiyarta ce. Hayaƙin turaren wuta yana ɗauke da ƙaro da mai masu nauyi waɗanda ke manne wa labule da zannuwan gado da kayan da aka baza a kan kabbasa, shi ya sa ake jin sa a jikin sutura bayan kwanaki. Difuza kuwa iskar ɗaki kaɗai take ƙamsasawa, a hankali, ba garwashi, ba toka, ba hayaƙin da zai sa mai tari ya fita waje. Saboda haka ba ta maye gurbin kasko, abokiyar aikinsa ce: kasko domin sutura da tarbar baƙi, ita kuma domin ƙamshi mai sauƙi da zai zauna a ɗaki tsawon yini. Haka kuma ba ta kashe wari. Idan an soya kifin Yauri ko an yanka albasar Aliero a cikin gida, ko kafet ya sha danshin damina har ya fara fumfuna, sai an buɗe tagogi an fitar da tushen warin tukuna, in ba haka ba ƙamshi da wari za su cuɗanya su haifar da abin da ya fi warin farko tayar da zuciya.

Man da za a zuba

Man ƙamshin da ke kasuwa iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ke yanke hukuncin irin na'urar da ta dace da shi. Na farko shi ne wanda ake tatsowa daga tsiro kai tsaye, galibi ta hanyar turara ganye ko fure ko itace da tururi, ko kuma matse ɓawo kamar yadda ake yi wa lemo. A nan ne ake samun man na'a-na'a da man kanumfari da man lafanda da man bishiyar turare, wato yukaliftus. Na biyu shi ne wanda ake haɗawa a masana'anta daga sinadarai, wani lokaci tare da ɗan na tsiro, kuma shi ne mafi yawa a shagunanmu, musamman abin da ake shigowa da shi daga Dubai da Chaina ta Kano da Legas. Na haɗin ba aibu ba ne. Yawancin turarukan duniya masu tsada da shi ake yin su, kuma almiskin da kowa ke shafawa a yau kusan duk na haɗi ne, domin barewar da ake samun na asali daga jikinta ta yi ƙaranci har an sanya doka a kan farautarta.

Abin da ya kamata mai saye ya kiyaye shi ne kada ya biya kuɗin na asali a ba shi na haɗi. Farashi kaɗai ya isa shaida. Kafin a samu kilo ɗaya na man furen wardi, irin wanda ake yi a Ɗa'ifa ta Saudiyya da Turkiyya da Bulgeriya, sai an tara fure fiye da tan 3. Itacen udu kuma, wanda ke fitowa a arewa maso gabashin Indiya da Kambodiya da Indonesiya, ba ya yin ƙamshi sai bishiyar ta ji rauni ta kamu da wata cuta, ta fitar da baƙin ƙaro domin kare kanta, abin da ke ɗaukar shekaru. Don haka babbar kwalbar udu ko wardi da aka sayar a kuɗin mudun shinkafa ta haɗi ce, ko me aka rubuta a jikinta.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi tun a shago. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda, a ajiye ta a aljihu ko a jaka, a sake shinshinawa bayan rabin awa, domin ƙamshin da ke bugun hanci a minti na farko shi ne mafi saurin gudu, wanda ya rage daga baya shi ne za a zauna da shi a ɗaki. Idan kuma aka wayi gari takardar tana da tabon maiƙo irin na ƙosai, akwai alamar an sirka man da man girki ko wani mai nauyi, kuma irin wannan yana toshe sanduna yana ɓata na'ura. Sandal da wasu mayuka masu kauri sukan bar ɗan tabo ko da na gaske ne, saboda haka gwajin ya fi aiki a kan masu ruwa-ruwa irin na lemo da na'a-na'a.

Kwalba mai sanduna

Wannan ita ce ta fi dacewa da gidan da ba shi da tabbacin wuta, domin ba ta buƙatar lantarki ko garwashi ko kyandir. Yadda take aiki daidai yake da yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Sandunan ana yin su ne da ratan, wani tsiro mai yaɗo ɗan dangin giginya da goriba wanda ya fi yawa a dazuzzukan Indonesiya, kuma idan aka duba bakin sandar da kyau za a ga ƙananan ramuka masu yawa da suka miƙe daga wannan kai zuwa wancan. Ta cikin ramukan nan man ke hawa har ya kai sama, iska ta kwashe shi. Shi ya sa tsinken tsire ba ya yin wannan aiki yadda ya kamata, ko da yake ya yi kama da su a ido, domin na gora ne kuma ramukansa ba su buɗe haka ba. Akwai kuma baƙaƙen sanduna na zaren roba da aka matse, waɗanda suka fi na ratan saurin jan mai da ƙarfin ƙamshi, amma sun fi su shanye kwalba.

Idan an kawo sabuwar kwalba, a cire murfin ciki, a tsoma sandunan, a bar su kamar awa ɗaya su sha, sannan a juya su ta yadda jiƙaƙƙen kan zai koma sama. A yi juyin a kan faranti ko tsumma, a wanke hannu bayan an gama. Cikakken ƙamshi ba ya fitowa sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu, saboda haka kada a yi saurin yanke mata hukunci.

Yawan sanduna shi ne maɓallin ƙarawa da ragewa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yin asara. Kwali yakan zo da sanduna 6 zuwa 10, mai saye kuma sai ya zuba su duka lokaci guda. A ƙasar sanyi hakan ba laifi, amma zafi yana sa mai ya bi iska da sauri, don haka daga watan Maris zuwa Mayu sanduna 3 ko 4 sun wadatar da ɗakin kwana, 5 ko 6 kuma sun wadatar da falo matsakaici. Ni kaina na taɓa sanya sanduna 8 a kwalba mai mililita 100 a tsakiyar bazara, a ƙarƙashin fankar sama, kafin mako uku ta bushe ƙarƙaf. Irin wannan kwalba, da rabin sandunan kuma nesa da fanka, takan kai wata biyu. Haka nan juya sanduna: duk juyi yana tayar da ƙamshi amma yana cin mai, saboda haka sau ɗaya a mako ya isa, sai fa idan ana jiran baƙi, a juya biyu daga cikinsu rabin awa kafin su iso.

Wurin ajiyewa yana da muhimmanci ƙwarai. Ana son inda iska ke ɗan motsi ba tare da bugowa ba, kamar kusa da ƙofar shiga falo, inda shige da ficen mutane zai riƙa kaɗa ƙamshin zuwa ciki. Ba a son bakin taga, domin rana tana dafa man tana canza masa ƙamshi, iska kuma tana fitar da shi tsakar gida. Ba a son kan talabijin ko kan firij ko kusa da injin caji na sola, saboda ɗumin da suke fitarwa. Tsayin ƙirjin babban mutum ya fi dacewa, wato inda hanci zai same shi amma hannun yaro ba zai kai ba. A sa ɗan farantin tangaran a ƙarƙashin kwalbar, domin man yana cin fentin katako da roba. Ɗigo ɗaya da ya gangaro ta jikin kwalba ya isa ya bar zobe a kan sabon madubin amarya, zoben da ba ya goguwa.

Sai matsalar hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana sauka a kan jiƙaƙƙun sanduna ta manne, ta toshe ramukan, sai a ga kwalba cike amma ɗaki shiru. Wanke sandunan ba ya gyara su. Abin yi shi ne a sauya su da sababbi duk bayan wata guda a wannan lokaci, kuma wannan ne amfanin sandunan da aka rage tun farko ba a zuba ba. Lokacin shara da kakkaɓe kujeru a ɗauke kwalbar a kai wani ɗaki har ƙura ta lafa. Idan za a yi tafiya, a zare sandunan a mayar da murfin ciki, shi ya sa ba a yar da murfin. Idan kuma za a sauya ƙamshi, a sauya sanduna tare da shi, domin tsofaffin sun riga sun ƙoshi da na farko.

Mai son haɗa nasa a gida zai iya, kuma ya fi araha. Ana buƙatar kwalbar gilashi mai ƙaramin baki, domin faɗin baki yana barin mai ya tsere ba ta hanyar sanduna ba. Man ƙamshi shi kaɗai ya yi kaurin da ba zai hau sanda sosai ba, sai an sirka shi. Masu sayar da kayan haɗa turare suna da ruwan sirki na musamman domin wannan aiki, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kashi ɗaya na man ƙamshi a kan kashi uku na ruwan sirki. Inda ba a samu wannan ba, ana farawa da mililita 25 na man ƙamshi, da 50 na sinadarin DPG (wani ruwa da ake sirka turare da shi), da 25 na etanol ɗin masu turare (wato alkohol), a girgiza, a gwada, idan bai hau sanda ba a ƙara etanol kaɗan. Kada a sirka da man gyaɗa ko man zaitun ko man kwakwa, domin su ba sa bin iska, toshe sanda kawai za su yi, daga baya su yi ɗoyi saboda zafi. Ruwa ma ba ya haɗuwa da mai. Haɗin yana kama wuta, don haka a nesanta shi da kasko da risho da maganin sauro na kunnawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da etanol ba saboda saɓanin malamai a kan turaren da ke ɗauke da shi, sai ya nemi ruwan sirkin da babu shi a ciki, ko ya koma ga na'ura mai ruwa.

Na'ura mai ruwa

Ita ce wadda ake gani tana fitar da farin hazo, wata har da fitilu masu sauya launi. Mutane da yawa suna ɗauka tafasa ruwan take yi, alhali idan aka sa hannu za a ji hazon da sanyi. A gindin mazubin ruwan akwai wani ɗan faifai da bai wuce girman maɓallin riga ba, wanda ke girgiza fiye da sau miliyan ɗaya da rabi a cikin daƙiƙa guda, girgizar ce ke farfasa ruwa da man da ke kansa su zama ƙananan ɗigo, wata ƙaramar fanka kuma ta turo su waje. Duk lafiyar na'urar tana kan wannan faifai, kuma kusan duk wadda aka ce ta lalace, datti ne ya rufe shi.

Ga yadda ake amfani da ita. A ajiye ta a kan abu mai tsayi kuma shimfiɗaɗɗe, ba a kan kafet ko katifa ba, domin ta ƙarƙashinta take shan iska. A zuba ruwa kafin a jona ta da wuta, kada ya wuce layin da aka zana a cikin mazubin, domin idan ya wuce hazon raguwa yake yi maimakon ya ƙaru. A ɗiga mai ɗigo 3 zuwa 5 a kan kowane mililita 100 na ruwa, wato mazubi mai mililita 300 zai ɗauki ɗigo 9 zuwa 15, kuma ya fi kyau a fara da mafi ƙaranci. Tun da mililita ɗaya yana ba da ɗigo kusan 20, ƙaramar kwalba mai mililita 10 za ta yi zubi da yawa idan ba a yi almubazzaranci ba. A rufe, a jona, a kunna.

Ba a barinta tana aiki yini guda. Minti 30 zuwa awa ɗaya sun isa su cika ɗaki, sannan a kashe ta na kamar wannan tsawon lokaci, kuma yawancin na'urorin suna da maɓallin ƙayyade lokaci ko na fitar da hazo jefi-jefi. Dalilin yana cikin halittar hanci: idan ƙamshi ɗaya ya daɗe yana shiga, ƙwaƙwalwa takan daina kula da shi, sai mai ɗaki ya ɗauka man ya ƙare ya ƙara zubawa, baƙon da ya shigo kuwa ya ji kamar an shaƙe shi, wani har kansa ya yi ciwo. Wanda yake son sanin gaskiyar ƙamshin ɗakinsa ya fita tsakar gida ya yi minti goma ya dawo, ko ya tambayi wanda ya shigo yanzu.

Ruwan da ake zubawa yana da tasiri. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da ma'adinai, shi ne ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi, kuma wannan ɓawon ne zai taru a kan faifan ya rage masa ƙarfi. Ruwan leda ko na gora mai tsabta ya fi, kuma ba mai sanyin firij ba, domin ruwan sanyi ba ya ba da hazo sosai. Kada a bar ruwa ya kwana biyu a ciki, domin a zafinmu ruwan da ya zauna yana saurin tara ƙwayoyin cuta, na'urar kuma za ta fesa su cikin iskar da ake shaƙa. A zubar da ragowar kullum, ta gefen da ba shi da ramin fitar iska, domin idan ruwa ya shiga ramin nan ya gangara kan kayan wuta, na'urar ta tashi daga aiki. Sau ɗaya a mako a zuba ruwa rabin mazubi da cokalin shayi ɗaya na farin khal, a kunna minti biyar a wurin da taga take buɗe, a cire daga wuta, a zubar, a goge faifan a hankali da audugar goge kunne da aka tsoma a sifirit, a ɗauraye a bar ta ta bushe. Ba a kankare faifan da farce ko tsinke.

Ba kowane mai ne ke shiga wannan na'ura ba. Turaren shafawa mai kauri, da humra, da ruwan kwalba mai sanduna, duk suna liƙe wa faifan, humra ma tana da gari-gari. A nemi man tsiro zalla ko man haɗi wanda aka rubuta cewa na na'ura mai ruwa ne. Game da wuta kuma, na'urar ba ta ci da yawa, galibi ba ta wuce wat 12 ba, saboda haka ƙaramar sola tana ɗaukarta, kuma akwai ƙanana masu igiyar USB da ke aiki da fawa bank. Abin da ke kashe ta shi ne dawowar wuta da ƙarfi, don haka a zare ta daga soket duk lokacin da aka ɗauke.

A hunturu wannan na'ura ta fi daɗi, saboda ɗan danshin da take ƙarawa yana rage bushewar iska a kusa da ita, ko da yake bai kai ya jiƙa babban falo ba. A watan Agusta kuwa, lokacin da bango ke zufa kuma tufafi ba sa bushewa, ƙara danshi a rufaffen ɗaki gayyatar fumfuna ce, sai a rage kunna ta a dogara ga kwalba mai sanduna. A watan azumi na fi son barin kunna ta sai bayan buɗa-baki, domin hazon ruwa ne da ake gani da ido, kuma fita daga shakka ba ya cin komai.

Akwai wasu nau'o'i biyu da ba sai an tsaya a kansu ba. Ɗaya ita ce wadda ke fesa man zalla ba ruwa, irin ta otal da bankuna, mai ƙarfi da tsada da shan mai, wadda ta fi ƙarfin ɗakin kwana. Ɗayar kuma ɗan kaskon tangaran ne da ake zuba ruwa da ɗigon mai a samansa a kunna kyandir a ƙasa. Yana aiki ba wutar lantarki, amma ba a barin ruwansa ya ƙone, kuma ba a fita ko a yi barci a bar shi.

Wane ƙamshi ya dace da wane ɗaki

Ƙamshin lemo da na ciyawar lemo da na na'a-na'a suna da sauƙi da wartsakarwa, sun dace da banɗaki da hanyar madafi da tsakar ranar bazara, sai dai su ne mafi saurin gudu, don haka sun fi kyau a na'ura mai ruwa fiye da kwalba mai sanduna. Sandal da udu da almiski da ambar suna da nauyi da daɗewa, su ne suka fi jure zafi a kwalba, kuma su ne suka fi jituwa da turaren wutar da ya riga ya zauna a labulenmu, tun da shi ma da sandal da hawi da gajiji ake haɗa shi. Wannan jituwa abin lura ce, domin falon da ke shan turaren Maiduguri kullum idan aka sa masa ƙamshin alewa ko na 'ya'yan itatuwa, ƙamshi biyun faɗa suke yi. A ɗakin kwana a zaɓi mai laushi irin lafanda ko wardi, a kuma rage yawansa. A wurin cin abinci gara a bar miya ta yi ƙamshinta.

Kiyaye lafiyar mutanen gida

Man ƙamshi guba ne idan aka sha, kuma kwalba mai sanduna buɗaɗɗiya ce, ruwanta kuma yakan yi kalar lemon kwalba. Man bishiyar turare musamman, ko ƙasa da cokalin shayi yaro ya haɗiye yana iya sa shi jiri da suma da jijjiga. Idan hakan ta faru kada a sa yaron amai, domin man yana iya komawa huhu, kada kuma a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba yi a gidaje. A goge masa baki, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti mafi kusa nan take, ko da yaron yana wasa kamar ba abin da ya same shi. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Idan ido ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15.

Ɗakin maijego, wanda a al'adarmu shi ne ya fi kowane ɗaki shan turare, ba wurin difuza ba ne muddin jariri yana ciki, musamman da man na'a-na'a ko na bishiyar turare, waɗanda ke iya takura numfashin ƙananan yara. Mai ciwon fuka da mai ciwon ɓarin kai da mai juna biyu da ƙamshi ke tayar wa zuciya, a tambaye su kafin a kunna, kuma idan tari ko atishawa ko ƙaiƙayin ido ya fara, a kashe a buɗe taga. Kyanwa ma tana cutuwa, domin hantarta ba ta iya narkar da wasu sinadaran da ke cikin mayukan tsiro, tsuntsaye irin su aku da kanari da tantabaru kuma numfashinsu ya fi namu rauni, saboda haka a nesanta kejinsu, a bar wa kyanwa ƙofar fita.

Wasu 'yan kasuwa sukan tallata man ciyawar lemo da sunan maganin sauro. Yana ɗan kore su a kusa da na'urar na ɗan lokaci, amma ba kariya ba ce, kuma a jihar da binciken ƙasa na shekarar 2021 ya nuna ita ce kan gaba a Nijeriya wajen yawan zazzaɓin cizon sauro a tsakanin ƙananan yara, babu wanda ya kamata ya naɗe gidan sauronsa saboda ƙamshi.

Ragowar man da ba a zuba ba kuwa, a bar shi a kwalbarsa mai duhu, a ɗaure murfin sosai, a ajiye a cikin durowa mai makulli a ɓangaren ɗakin da ya fi sanyi, ba a gaban madubin da rana ke haskawa ba, ba kuma a cikin mota ba. Man lemo da danginsa sukan fara lalacewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu da buɗewa, a zafinmu ma ƙasa da haka, kuma alamar lalacewar ita ce ya yi kauri ko ya yi duhu ko ƙamshinsa ya koma kamar na fenti. Irin waɗannan a saye su a ƙananan kwalabe, a rubuta watan da aka buɗe a jikin takardar kwalbar. Sandal shi ne ke jure ajiya na shekaru, don haka idan za a saye babbar kwalba a tsarabar Makka, shi ne ya fi cancanta.